Filin Tambayoyin Masu Karatu: Gaɗa da Langa a Harabar Makaranta

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, uku sun haɗu a kan magana ɗaya, wato darasin motsa jiki da rawa da ake yi wa ƙananan yara a makarantar firamare. Biyu daga malamai suka fito, ɗaya kuma daga wani uba. Na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata firamare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, kuma ni nake riƙe da rabin aji da aji ɗaya a ɗaki guda, yara sun haura 70. Hedimasta ya ce a jadawali akwai lokacin motsa jiki da na al'adu da fasaha, kuma yana so in riƙa amfani da su maimakon in bar yara suna ta tsere a fili. Ni kuwa ban koyi rawa a kwaleji ba, ba mu da rediyo, ba mu da lantarki, ba mu da zauren taro. Yaran ba sa zama wuri ɗaya, har na gaji da ɗaga bulala. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya, domin riƙe yara 70 'yan shekara biyar da shida a ɗaki ɗaya aiki ne da ba kowa zai jure ba.

Bari in fara da bulalar, saboda ita ta fi damuna a wasiƙarki. Yaron da ya kasa zama na tsawon awa biyu a kan tabarma ba rashin tarbiyya yake nunawa ba, jikinsa ne yake neman haƙƙinsa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsi a kowace rana, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. A 2020 kuma ta ce daga shekara biyar zuwa 17 a samu kimanin minti 60 kullum na motsin da yake sa numfashi ya ƙaru. Na san za a ce yaron ƙauye ba ya rasa motsi, tunda shi ne mai zuwa rijiya, shi ne mai kora awaki, shi ne mai kai abinci gona. Gaskiya ne, kuma ta wannan fuska ya fi ɗan birni lafiya. Amma abin da darasinki zai ba shi daban ne: ya iya tsayar da jikinsa a lokacin da aka ce a tsaya, ya bambance dama da hagu, ya saurari tafi ya daidaita takunsa da shi, ya jira har layi ya zo kansa, ya bar wa na kusa da shi fili. Yaron da bai mallaki kafaɗarsa da damtsensa ba yakan sha wahala kafin yatsunsa su mallaki fensir, shi ya sa malaman da suka daɗe a ƙananan azuzuwa sukan sa yara su zana manyan haruffa a iska ko a yashi kafin a zo kan littafi.

Hedimastanku yana kan hanya. Manhajar da NERDC, wato hukumar da take tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta tsara wa matakin farko ta ƙunshi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, ta kuma ƙunshi motsa jiki da kiwon lafiya, sannan tsarin ilimi na ƙasa da aka sabunta a 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wadda aka gina ta a kan koyo ta hanyar wasa. Saboda haka idan kika fita da yara ƙarƙashin bishiya, ba satar lokacin karatu kika yi ba.

Inda ban yarda da ke ba shi ne cewar da kika yi ba ki koyi komai a wannan fanni ba. Malama, ke 'yar ƙauye ce ko kin zauna a ƙauye, kuma ina da yaƙinin kin yi gaɗa a dandali lokacin farin wata. Ki tuna abin da yake cikinta: 'yan mata sun yi rabin da'ira suna tafi ɗaya, mai bayarwa tana rera waƙa suna amsawa, ɗaya ta fito ta taka, ta juya baya ta faɗo a hannunsu, su cafe ta su ɗaga ta. A wannan wasa kaɗai akwai ƙidayar taku, akwai saurare, akwai jiran layi, akwai kuma amana, domin ba mai sakin jiki ta faɗa baya sai ta tabbata za a tare ta. Langa tana koya wa yara maza tsayuwa da tsalle a kan ƙafa ɗaya. Carafke yana haɗa ido da hannu. Tashe, wanda yara suke farawa daga goma ga watan azumi, kwaikwayo ne da jiki da murya wanda ba wanda ya zaunar da su a aji ya koya musu. Ki ƙara da abin da suke gani a gida da gona: lugude, inda mata biyu ko uku suke daka a turmi ɗaya ba tare da taɓarya ta bugi taɓarya ba, wata har ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, shiƙa da tankaɗe, jan guga, da shuka, inda mai sungumi yake gaba yana saran ƙasa taku bayan taku, masu binsa suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Duk waɗannan motsi ne masu kari da ƙa'ida, kuma yaranki sun zo makaranta da su a jikinsu.

Wata likita 'yar Italiya, Mariya Montessori, wadda ta buɗe gidan rainon yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta sanya wa yara wani atisaye da har yau ake yi a makarantun da suke bin tsarinta: a ja layi a ƙasa, yaro ya bi shi a hankali riƙe da kofin ruwa ba tare da ya zubar ba, ko da ƙararrawa ba tare da ta yi ƙara ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna yarinyarmu 'yar shekara shida da take tahowa daga rijiya da ƙaramin bokiti a kan gammo, wuyanta a miƙe, ɗigo bai zuba ba. Abin da ake biyan kuɗi mai yawa a koya a wasu ƙasashe, ita ta iya shi tun kafin ta san harafin farko.

Sai dai akwai bambanci tsakanin kwaikwayo da ƙirƙira, kuma a nan ne aikinki na malama yake. Idan kika tsaya gaban yara kika ce su yi yadda kike yi, za ki samu yara 70 masu motsi iri ɗaya, kuma wanda ya kasa zai ji kunya ya koma baya. Idan kuwa kika tambaye su yadda raƙumi yake tashi daga durƙuso, ko yadda hawainiya take tafiya a kan reshe, ko yadda gero yake yi idan iskar hadari ta taso, za ki ga amsa iri-iri, kuma ba wadda za ki ce kuskure ce. Wani masanin motsin jiki mai suna Rudolf Laban, wanda ya rasu a Ingila a 1958, ya bar wa malamai hanyar duba kowane motsi wadda za a iya mayarwa tambayoyi masu sauƙi: da wace gaɓa aka yi shi, a wane wuri kuma zuwa ina, da wane sauri, da wane ƙarfi. Da waɗannan tambayoyi za ki iya juya motsi ɗaya ya ishe ki mako guda. Yaro ya yi tsallen kwaɗo, sai ki ce to yaya kwaɗon da ya ƙoshi zai yi tsalle, yaya wanda ya hango maciji, yaya wanda yake tsoron tada barcin uwarsa. Ke ce mai tambaya, jikin yaro ne mai ba da amsa.

Ina tuna wani yaro da na koyar a wata makarantar ƙauye a farkon aikina, wanda ya yi kusan zango guda ban ji muryarsa ba, har na fara zaton kurma ne. Ranar da na ce kowa ya nuna mana wata dabba mu canka, sai ya fito ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya riƙe ta a sama tana rawa gaba da baya kafin ya ajiye, yana juya ido gefe da gefe. Ajin gaba ɗaya ya ɗauki ihu da sunan hawainiya. Daga ranar ya fara magana da ni, kuma na gane cewa duk tsawon lokacin nan yana lura da duniya fiye da masu surutun.

Ga yadda zan tsara minti 20 da ni ce ke. Da safe kafin rana ta ɗaga, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi yake kaiwa maki 40, a share ƙarƙashin darbejiya, a tsince ƙaya da tsidau da fasasshiyar kwalba tunda yawancin yaran ba takalmi za su taka, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Abu na farko da za ki koyar, kuma ki ba shi mako guda cur idan ya kama, shi ne alamar tsayawa: kin buga ƙwarya sau uku, kowa ya daskare yadda yake kamar dutse. Yara suna ɗaukar wannan wasa ne, ke kuwa linzaminki ne, kuma da shi za ki ajiye bulala. Bayan haka kowane yaro ya miƙa hannuwansa ya juya, inda bai taɓa kowa ba nan ne gidansa, ya zana da'ira da ƙafa a ƙasa. Yara 70 ba za su motsa a lokaci ɗaya ba tare da karo ba, don haka ki raba su gida uku, wasu suna takawa, wasu suna tafi, wasu suna kallo domin su faɗi abin da suka gani, sannan a riƙa canji. Masu kallon nan kada ki raina aikinsu, domin yaron da ya ce ya ga wance ta yi ƙasa-ƙasa sannan ta miƙe da sauri yana koyon magana mai tsari.

Kayan kiɗa kuwa suna gidajenku. Ƙwaryar da aka kife a kan ruwa cikin baho tana ba da amo mai daɗi, gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa ya zama kacau-kacau, jarkar da ta fashe ta zama ganga, tafi kuma ba a sayensa. Ni ina ganin rashin rediyon ma alheri ne a gare ki, saboda kiɗan da yake fitowa daga na'ura ba ya jiran yaro, amma hannunki yana iya rage sauri idan kika ga ƙananan sun gaza.

Tsakiyar darasin ki gina shi a kan labari ɗaya da suka sani. Misali, kowa ya dunƙule a gidansa ya zama ƙwayar gero a cikin ƙasa. Shamuwa ta iso, hadari ya haɗu, yatsun masu tafi suka fara yayyafi a kan cinya. Tsiro ya leƙo, ya miƙe kaɗan-kaɗan, ya yi kara, ya fitar da kai. Iska ta kaɗa shi dama da hagu, tsuntsaye suka sauko, masu kora suka kore su, sannan aka zo girbi kowa ya kwanta. Kwanciyar nan ta ƙarshe ki bar ta ta ɗauki minti biyu suna numfashi a hankali, domin idan kika mayar da su aji jininsu yana tafasa, darasin da zai biyo baya ya lalace.

Da zarar sun saba, sai ki jawo karatu ciki. Ki zana babban harafi a ƙasa su bi shi da taku. Su tafa gaɓoɓin sunayensu, mai gaɓa biyu ya yi tsalle biyu, mai uku ya yi uku. Su ƙirga taku daga gindin bishiya zuwa ƙofar aji, su gano da kansu cewa mai dogon taku ƙidayarsa ta fi kaɗan. Sau biyu ko uku a mako ya isa a fili, amma a cikin aji ma, duk lokacin da kika ga hamma ta yi yawa, minti biyu na miƙa da tafi a tsaye sun fi tsawa amfani.

TAMBAYA TA BIYU

Hajiya, ni manomi ne a yankin Sumaila, ɗana ne ya rubuta mini wannan. 'Yata mai shekara shida ta dawo daga boko tana cewa malamarsu tana koya musu rawa. Ni karatu na kai ta ta koya. A wurinmu rawa ta maroƙa ce da 'yan fim, kuma ina tsoron ta tashi ba kunya. Ina shawarar cire ta in bar ta a Islamiyya kawai. Me kika gani?

AMSA

Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma raya mana wannan yarinya. Tsoronka yana da tushe, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. Uban da yake tambayar abin da ake koya wa 'yarsa ya fi wanda bai san ko ajin da take ba. Kuma gaskiya ne akwai raye-rayen da suke yawo a wayoyi yanzu waɗanda ba su dace da babba ba balle yarinya 'yar shekara shida. Idan irin wannan ake kunna musu a makaranta, to ni ma ina bayanka, kuma malamar ta yi kuskuren da ya wajaba a gyara.

Amma kafin ka yanke hukunci, ina roƙonka ka je ka gani, tunda gani ya kori ji. Kalmar rawa tana da faɗi a bakin yaro. Mai yiwuwa abin da za ka tarar shi ne yara a da'ira suna tafi, suna kwaikwayon shuka da girbi da tafiyar raƙumi, wato abin da mahaifiyarta da kakarta suka yi a dandali a gaban iyayensu, kuma suka girma da kunyarsu. A garuruwa da yawa dandali ya ja baya, yara sun koma kewaye waya ɗaya da dare, saboda haka makarantar da ta riƙe musu gaɗa da langa tana tsare musu gadonsu ne.

Ta fuskar addini, ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci ranar idi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Ya kuma tabbata cewa wasu 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce a ƙyale su. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da ita, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata daga baya. Maganar kayan kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma limaminku ne ya fi cancanta ya yi maka bayani. Darasin da nake magana a kai yana tafiya daidai da tafi da murya kaɗai.

Kana da haƙƙin ka nemi a kiyaye iyaka: kada a sa waƙoƙin soyayya, kada a koyar da karairaya, yarinya ta kasance cikin suturarta, idan yara suka fara tasawa a raba maza da mata, kuma mace ta kula da mata. Hanyar neman wannan ita ce kwamitin kula da makaranta, wanda ake sanya iyaye da masu unguwanni da malaman addini a cikinsa. Ka kai maganarka can, ko ka sami hedimasta kai tsaye. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka cire ta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba ta haƙƙin karatun shekara tara, kuma gobe idan matan garinku suka je asibiti, 'ya'yan da aka bari suka yi karatu ne za su duba su.

Ga malamai kuma, wannan wasiƙa darasi ce. Kada iyaye su fara jin labari daga bakin yaro. Tun farkon zango a gayyaci mai unguwa da liman da wasu iyaye mata su zauna a inuwa su kalli darasi guda daga farko har ƙarshe, a faɗa musu abin da ake yi da sunansa na gaskiya, a kuma tambayi tsofaffin mata wasannin da suka yi a zamaninsu. Kakar da aka ce ta zo ta koya wa yara tafin gaɗa ba za ta koma gida ta ce ana lalata jikokinta ba.

TAMBAYA TA UKU

Hajiya, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Gumel. A ajina akwai yaron da ƙafarsa ta shanye yana tafiya da sanda, akwai kuma yarinya mai ciwon sikila. Nakan bar su a aji su tsare mana jakunkuna idan mun fita. Ko hakan daidai ne?

AMSA

Malam, na san tausayi ne ya sa ka, amma ka daina daga gobe. Yaron da aka bari da jakunkuna yana jin dariyar 'yan'uwansa ta taga, kuma abin da yake koya shi ne cewa ba a lissafa shi. Tunda darasin tambaya ce da kowa yake amsawa da jikin da Allah ya ba shi, mai sanda yana da tasa amsar. Geron da iska take kaɗawa hannuwa da kafaɗu yake buƙata, kuma ana yinsa a zaune a kan benci. Wani lokaci ka sa ajin duka su zauna su yi motsin da hannu kawai, domin kada kullum shi kaɗai ne daban. Ka ba shi ƙwaryar tsayarwa wata rana, amma kada ka mayar da shi makaɗi na dindindin, domin shi ma yana son a kalle shi yana takawa.

Yarinya mai sikila tana iya shiga, da sharaɗi. Abubuwan da suke tayar da ciwon sun haɗa da ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, zafi mai yawa da sanyi mai yawa. Ta sha ruwa kafin a fara da bayan an gama, ta tsaya a inuwa, ta huta duk lokacin da ta so ba tare da neman izini ba, kuma da hunturu a jira rana ta fito, ta fita da rigar sanyi. Kada ka sa ta a tsere ko gasar juriya. Idan ta yi kukan ciwon ƙashi ko ƙirji, ko ka ga numfashinta ya canza, ko jikinta ya yi zafi, a tsayar da wasan a sanar da iyayenta a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Ka zauna da mahaifiyarta tun yanzu ka ji abin da likita ya ce game da ita, ka kuma ajiye buta ko jarkar ruwa mai tsabta a gindin bishiyar da kuke wasa.